Yawon jirgin ruwa a Barton Broad: kududdufi ne ashe

A watan Yuni na shiga ƙaramin jirgin yawon buɗe ido mai amfani da lantarki a Barton Broad, yankin Norfolk a gabashin Ingila. Ƙanwata da ke karatu a Norwich ce ta matsa mu je. Na zaci tsuntsaye kawai za mu kalla, sai ga shi na dawo da abin da har yau nake juyawa a rai.

Wannan tafki, da sauran 'yan uwansa na yankin, mutane ne suka haƙa. Daga ƙarni na 12 zuwa na 14 mazauna ƙauyuka suna yankar fit, wato ruɓaɓɓen ciyayi da ya daskare cikin dausayi shekaru dubbai. Su yanka shi kamar tubali, su shanya, su hura wuta da shi, domin itace ya yi ƙaranci. Da ruwan teku ya ƙaru, ramukan suka cika, aka bar sana'ar, har aka manta. Sai a farkon shekarun 1950 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta riƙa huda ƙasa tana ciro samfur, ta gano gefen tafkunan a tsaye yake kamar bango, zurfin mita 3 zuwa 4. Ruwa ba ya sassaƙa haka da kansa.

Da mai jagora ya faɗi wannan, sai na tuna kududdufan cikin birnin Kano, inda aka ɗebi ƙasar gini, damina ta zo ta cike gurbin. Na ce wa ƙanwata, "Ke, ai kududdufi muke ciki." Abin da ya fi taɓa ni shi ne siraran tudun da masu haƙa suka bari ba su taɓa ba, iyakar wannan yanki da wancan. Kamar iyakar gona ce, a ƙarƙashin ruwa, shekara ɗari bakwai. Ƙauyen da ke gefe ma sunansa Barton Turf, sunan sana'ar na nan maƙale da shi, domin "turf" wani sunan fit ne da Turanci.

Jirgin ba ƙara, ba warin mai, kujerun ma da tsafta. Matuƙin yana da haƙuri da masu tambaya.

Inda na ji ba daɗi: tarihin haƙar bai samu ko minti goma ba, sauran lokacin duk na tsuntsaye ne. Babu taswira ko zane da zai nuna inda tudun suke, alhali ido ba ya ganinsu daga sama. Ga iska tana kwashe muryar mai jagora, na baya ba sa ji sai an maimaita musu.

Duk da haka zan sake komawa, kuma ina ba da shawarar a je. A zauna gaba kusa da matuƙi, a tambaye shi batun fit tun kafin a bar gaɓa, a kuma ɗauki rigar sanyi ko da rana ta fito.