Akwatin fis da rile, ko allon makunnai na zamani?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin akwatin fis mai rile (ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta) da allon makunnan nan na zamani (wanda duk makunnansa ke haɗe da akwatin lantarki guda) da kake son sa wa Hilux ɗinka don ƙarin fitilu da sauran kayan wuta, akwatin fis za ka ɗauka. Shi ne a cikin tawa.

Ga yadda rewaya ya haɗa min. Waya ɗaya mai kauri ta taso daga kan batir, da babban fis a jikinta wanda bai fi kamu ɗaya daga batirin ba, ta shiga ƙaramin akwatin fis na kamfanin Blue Sea mai gida 6 da aka ɗaure a gefen inji. Daga nan kowane kaya da gidansa: doguwar fitilar saman rufi, fitilun hazo, firij, famfon iskar taya. Fitilu da famfo kowanne da rilensa, irin wanda za ka ga lamba 30, 85, 86 da 87 a ƙafafunsa, saboda haka makunnin da ke gaban direba 'yar wuta kaɗan yake ɗauka. Wayoyin duk suna cikin bututun roba, an rubuta sunan kowace a jikin salatif, inda suka ratsa ƙarfen bodi kuma an sa zoben roba don kada gargada ta sa ƙarfe ya cinye su.

Wani dare a damina muna dawowa daga ƙauye, hanya duk taɓo, sai fitilar sama ta ɗauke. Na ɗaga bonet, na haska da tocilan waya, fis lafiya lau. Na zare rilen famfo na cusa a gurbin na fitilar, nan take ta kama. Washegari na sayi wani a rumfar mai kayan mota. Abin da ya lalace kana ganinsa da idonka, da yatsa biyu kake cire shi, kuma duk rewayan bakin tasha daga Kano har Agadas ya san kansa.

Allon kuwa, to, yana da kyau a ido, kuma haɗa shi ba wuya. Na taɓa amfani da na araha a wata mota, ƙura da zafin inji suka taɓa shi, makunnai 8 suka mutu tashi ɗaya, ba mai iya gyarawa. Masu inganci irin na kamfanin Switch-Pros sai an yi odarsu daga waje, ga tsada.

Kafin ka sayi komai, yi lissafi. Raba wat ɗin kayan da 12, wato bolt ɗin batirin mota, ka sami amfiya, ma'aunin yawan wutar da kayan ke ja. Fitila mai wat 120 tana jan amfiya 10, sai ka sa mata fis na 15, shuɗin nan. Ja na 10 ne, rawaya na 20. Waya fis yake karewa, don haka kada girmansa ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. In kana da winci, injin jawo mota da igiya, kar ya bi ta akwatin ko kusa, ɗaruruwan amfiya yake ja, wayarsa kai-tsaye daga batir take.

Sannan ka yi hattara da masu sayar da waya. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, su rantse maka zalla ce. Kankare silin da wuƙa a gaban mai shago, in cikinsa fari ne ajiye masa abinsa. Wata kuma robar ce ta yi kauri, silin ciki bai taka kara ya karya ba. Fis ma akwai jabu wanda ba ya tsinkewa har waya ta narke. Rewayan da ya ce zai naɗa silin waya a gurbin fis, karɓe makullinka ka nemi wani.

Sayi mai gida 6 ko 12 don ka bar gurbin abin da za ka ƙara gaba, ka ajiye rile biyu da fis na kowane launi a aljihun mota.