Ƙarya a tsakar gida: abin da damina biyu suka nuna a Zariya

Ƙarya uku na gwada a tsakar gida, biyu dashen leda daga masu sayar da furanni na bakin titi, ɗaya kuma reshe ne da aka yanko. Bayan damina biyu, shukar ta biya kuɗinta. Ƙasar da ake sayar da ita a ciki ce ba ta yi ba ko kaɗan.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce ɗan itacen nan mai kumburarren gindi kamar tulu, mai fure ruwan hoda, wanda masana ke kira Adenium obesum. 'Yar ƙasa ce, ta saba da ranarmu. Fure take yi sosai, ba kasafai ake ganin 'ya'yanta ba, kamar dai yadda karin maganar nan ta faɗa.

Ƙishirwa ba ta kashe ƙarya, ruwa ne ke kashe ta. Gindin nan rumbun ruwanta ne. Ruwan saman Zariya kan kai wajen milimita 1,000 a shekara, Agusta ya fi kowane wata, kuma jar ƙasarmu mai yumɓu tana riƙe laima. Ledar da aka sayo cike take da irin wannan ƙasa da ɗanyen taki. Ɗaya daga cikin biyun da aka bari a haka, kafin ƙarshen Agusta ganyenta ya yi rawaya, gindin ya yi laushi kamar nunannen gwanda, yatsa na lotsawa. An ceto ta ne da aka tumɓuke ta, aka yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta har sai da farin nama ya bayyana, aka barbaɗa toka, aka ajiye ta a inuwa mako guda kafin a mayar.

Don haka a sauya ƙasa tun ranar da aka kawo ta. Haɗin da ya yi aiki shi ne kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar lambu, rabin kwano na dakakken gawayi, da tafi ɗaya na kashin akuya da ya shekara. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, don tana numfashi. A huda mata ƙofa uku ko huɗu a ƙasa, a ɗora ta kan bulo. Kada a binne gindin, a bar samansa a waje. Wanda zai shuka a ƙasa ya tayar da kunya kamar taƙi guda, nesa da indararo.

Tana son rana ta aƙalla awa shida. A damina ba a ba ta ruwa sam. A bazara sau ɗaya a mako ya isa, shi ma sai an tura yatsa an ji ƙasa ta bushe. Da hunturu takan zubar da ganye ta tsaya tsirara, kuma a nan ne mutane ke tsorata su yi ta kwarara mata ruwa. Hutawa take yi. A kan waɗannan rassan marasa ganye furen ke fitowa da rani, lokacin da komai ya yi ƙura.

Reshe yana kamawa idan an bar bakin yankan ya bushe kwana biyar zuwa bakwai, sai dai gindinsa ba ya kumbura kamar na wadda aka shuka daga iri.

Fararen ƙwari masu kama da auduga kan taru a hammatar ganye. Ruwan sabulu kaɗan da yamma, sau biyu a mako, yana maganinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne babu mai sayarwar da ya ce mini ruwan jikinta guba ne, alhali da shi ake dafin kibiya a wasu ƙasashen Afirka. A sa leda a hannu wajen yanka, a kiyaye ido, a kwashe rassan da aka yanke kafin akuya ta kai gare su. Gidan da ke da yaro mai rarrafe, a ɗaga tukunyar inda hannunsa ba zai kai ba.