Ƙaramin biki a duwatsun Kolorado: abin da kamfanin ya yi mana da abin da ya bar mu da shi

Idan maki biyar ne, uku da rabi zan ba kamfanin nan, rabin kuma albarkacin mai hoto ya ci. Ba zan kama suna ba. Irinsu sun yi yawa a jihar Kolorado ta Amurka kuma kusan tsarinsu ɗaya: mata da miji ko ƙawaye biyu, da kyamara, da shafin Instagram cike da amare a kan duwatsu, suna sayar da biki marar hayaniya a dunƙule. Mu mun saya don auren ƙanwata a ƙarshen Satumbar 2024, a gandun dajin Rocky Mountain, kuma kuɗin ya haura dala 4,000. Tunda 'yan'uwa a nan Amurka sun dame ni da tambaya ko abin ya ci kuɗinsa, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Kada wani ya ce mun kai aure daji. A Zariya aka ɗaura shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da waliyyi da wakilin ango da sadaki lakadan ba ajalan ba, aka raba goro da alawa. Dama amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, ango ma karɓar masa ake yi, don haka nisa bai rage komai ba. Biyu da rabi na rana a can, bakwai da rabi na safe a nan, muna zaune da kofunan shayi a gidan da muka kama haya a garin Estes Park, da ke bakin gandun, muna kallo ta waya. Abin da ya rage mana shi ne takardar gwamnati da addu'a da hotuna. Iyayenmu ba su samu zuwa ba, ita kuwa amarya ta ce ba za ta ci bashi ta cika zauren taro da mutanen da ko sunan mahaifinta ba su sani ba. Ban yi mata musu ba.

Takardar gwamnatin ba ta da wuya ko kaɗan, kuma a nan na fara samun saɓani da kamfanin. A Kolorado ango da amarya za su je ofishin magatakardan kowace gunduma da shaidarsu, su biya dala 30, a ba su lasisin aure a ranar, su yi amfani da shi cikin kwana 35 a ko'ina cikin jihar. Dokar jihar ta yarda su sa wa kansu hannu, ba alƙali, ba malami, ba ma shaidu. To a cikin dunƙulen da muka saya akwai kuɗin wani mai jagorantar ɗaurin aure. Na ce musu namu an riga an ɗaura, Kawu ne zai yi addu'a, a cire mana wannan. Matar kamfanin ta ce farashi a haɗe yake, ba a tsinka shi. Haka muka biya mutumin da bai zo ba. Da giyar da suke fasawa bayan an gama ma sai da na maimaita magana kafin aka canza ta da lemon tuffa, wanda a ƙarshe ba wanda ya kalle shi saboda mun zo da zoɓonmu.

Inda suka burge ni shi ne sanin dokar gandun. Ba a tashi kawai a tara mutane a yi biki a ciki, ko da mutum biyu ne da mai hoto. Akwai takardar izini ta musamman, dala 300 wadda ba a mayarwa, ana fara karɓar buƙata tun shekara guda kafin watan da kake so. Daga Mayu zuwa Oktoba guda 60 kawai ake bayarwa a wata, sauran watanni 40, kuma na Satumba ƙarewa suke da wuri saboda lokacin ne ganyen itatuwan aspen ke komawa ruwan ɗorawa. Matar ta cike takardar, ta bi sawu, ta turo mana izinin da jerin sharuɗɗa. Gaskiya duk wanda ya iya Turanci kuma yake da haƙuri zai iya yin wannan da kansa. Abin da ba zai samu cikin sauƙi ba shi ne wanda zai ce masa wuri kaza iska ke kaɗawa, wuri kaza ba bandaki, wuri kaza tsohuwa ba za ta iya takawa ba. Ita ce kuma ta ce mu guji Asabar da Lahadi, muka sa Litinin.

Ƙanwata tafkin Sprague ta so, don shi take gani a hotuna, ruwa kwance da dutsen Hallett a cikinsa. Amma a lokacin cunkoso mutum 15 da mota uku aka yarda a wurin. Duk faɗin gandun kuma babu inda ake wuce mutum 30, kuma a cikin 30 ɗin har da ango da amarya da mai hoto da mai shirin da jaririn da ke goye. Sai muka koma Hidden Valley, wani kwari da ake wasan zamiya a kan ƙanƙara a cikinsa daga 1955 har aka rufe a 1991. Ba shi da kwarjinin tafkin, itatuwa ne da ɗan rafi da tebura, amma yana ɗaukar 30, akwai bandaki mai ruwa, kuma daga mota zuwa wurin tsayuwa taku kaɗan ne.

Wannan lamba ta 30 ita ce ainihin wahalar, kuma ba kamfanin da zai ɗauke maka ita. Su a wajensu jerin baƙi takarda ce da ake cikewa a intanet. Mu kuwa yaushe aka taɓa gayyatar Bahaushe biki da ƙidaya? Ji ake yi a zo, a taho da maƙwabciya da 'ya'yanta. Matar ta turo min gargaɗi cewa idan aka ƙaru ko da mutum ɗaya ne ana iya cin mu tara, na ce to. Ni aka bar wa aikin kiran mutanenmu na Aurora, garin da ke maƙwabtaka da birnin Denba, ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Anti, don Allah a yi haƙuri, doka ce ba mu ba." Wata da muka yi shekaru muna cin tuwon salla tare ta ce, "Ai ba komai, Allah ya sanya alheri," da irin muryar da kowa ya san akwai komai. Abin da ya wanke mu shi ne walimar da muka yi a Aurora a Asabar ta gaba, ƙofa buɗe, da kiɗa da liƙi. Duk mai niyyar irin wannan biki ya sa kuɗin walimar nan a lissafi tun farko, in ba haka ba arhar da yake hange ba za ta tabbata ba.

Sai maganar tudu. Denba tana kan mita 1,600 sama da teku, mu mazauna nan mun saba. Estes Park, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ta hanyar Boulder da Lyons, tana kusan mita 2,300. Hidden Valley ta kai wajen 2,800, wato ta fi Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, wanda yake mita 2,419. Kamfanin ya nace baƙin nesa su iso kwana biyu ko uku kafin ranar, su yawaita shan ruwa, kuma wannan shawara ta yi rana. Gwaggo da ta taso daga bakin teku a Teksas ta kwana da ciwon kai, in ta hau bene sai ta zauna ta huta, tana cewa, "Ke 'yar nan, wannan gari naku iskarsa ba ta ƙosarwa." Zuwa Litinin ta warware. Wani abokin ango da ya sauka daren Lahadi kuwa a mota ya yi rabin bikin. Iskar busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa, lallen amarya ma bushewa ya riƙa yi yana zubewa kafin ya kama, sai da mai lallen ta dinga shafa masa ruwan lemon tsami da sukari.

Jadawalin ranar da suka turo ya tsara komai minti-minti, amma babu salla a ciki. Mai kwalliya za ta fara huɗu da rabi na dare don a riski fitowar rana a tafkin Sprague a ɗauki hotuna kafin taro, asuba kuwa sai wajen shida saura. Ba wanda zai wanke fuskar da aka yi awa ana zanawa, don haka amarya ta yi alwala tun kafin a fara ta riƙe ta, muka yi salla a tsaitsaye muka fita. Wannan ba laifinsu ba ne sosai, ba su sani ba. Laifin da ba zan yafe ba na mai kwalliyar ne. Tun da wuri na tura hoton ƙanwata na tambaya ko tana da hodar da ta dace da baƙar fata, aka ce min sosai ma. Da ta buɗe akwatinta, mafi duhun abin da ke ciki ya mayar da fuskar yarinya toka-toka. Allah ya sa wata ƙawarta ta zo da nata kayan, ita ta goge ta sake. Kamfanin ya ba da haƙuri daga baya, kuɗi dai bai dawo ba.

Mai hoton ce ta fanshe su. Ta riga ta kama mana izinin shiga hanyar Bear Lake a shafin gwamnati na Recreation.gov, don tafkin Sprague a kan hanyar yake kuma a wannan lokaci tun biyar na asuba ake tambayar takardar. Mu huɗu muka je, ni ce mai riƙon mayafi. Sanyi ya kai ga raɓa ta daskare a kan katakon gada. Ta fito da barguna da 'yan ƙunshin ɗumama hannu, ta cusa wa amarya biyu a cikin takalmi, ta ce mu jira, kada mu kalli gabas, mu kalli yamma. Can sai kawunan duwatsun suka yi ja tun rana ba ta leƙo ba, jan ya sauko cikin ruwa, ta ɗauki abin da za ta ɗauka cikin 'yan mintuna kafin ya gushe. Ta san yadda ake auna haske a kan baƙar fata kusa da farar shadda, babbar rigar ango ta fito da aikinta zare-zare, fuskarsa ba ta nutse ba. Sau ɗaya na gaya mata ba a sumba ko runguma a gaban manya, ba ta sake nema ba. Da Kawu ya ɗaga hannu zai yi addu'a ma ja da baya ta yi, ta ɗauko tafukan hannuwa daga nesa.

A wurin taron awa biyu aka ba mu, kuma ba a rufe wa kowa hanya, masu yawo suna wucewa ta gefenmu da sandunansu. Ba lasifika, ba rumfa, ba ado, ba watsa furanni, ba jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, kujeru sai 'yan kaɗan na tsofaffi. Kaskon turaren wuta a gida muka bar shi, kuma duk wanda ya ga kufan gobarar 2020, wadda ta cinye kusan eka 30,000 na gandun, ba zai yi gardama ba. Ba mu ga inda aka hana guɗa ba. Da aka shafa fatiha Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa ta, kwarin ya amsa, wasu Turawa tsofaffi da ke cin abinci a tebur suka miƙe suna tafi. Yara kuma sai da aka yi ta kwaɓarsu, don kuregun wurin ba su da kunya kuma ba su cincin laifi ne da ake cin tara a kai. A hanyar dawowa muka tarar da garken manyan bareyin nan masu rassan ƙaho, elk, lokacin barbararsu ne, namijin na ta wani irin kuka mai kama da busa. Doka ta ce a bar aƙalla mita 23 tsakani, mai hoton ta hana kowa sauka.

Abinci ba ya cikin dunƙulen in ban da ɗan kek da bai fi na mutum shida ba. Mu muka yi namu a gidan haya da naman da muka sayo a shagunan halal na Aurora. A Estes Park ruwa yana tafasa tun a digiri 92, don haka shinkafa na cin ruwa da lokaci fiye da yadda aka saba, wake kuwa sai da tukunyar matsi. Kuma a tambayi mai gidan haya tun kafin a biya ko ya yarda da taro, da yawansu ba sa yarda. A rabu da wayar salula ma, cikin gandun sabis sai an dace, bidiyon da muka yi wa mutanen gida alkawari sai da muka sauko gari ya tafi.

Da a ce yau ne wata ta tambaye ni, zan ce ta ɗauki mai hoto wadda ta san gandun, ta nemi ganin hotunan baƙaƙen fata da ta taɓa ɗauka, ta cike takardar izini da kanta, ta zo da mai kwalliyarta. Dunƙulen an ɗinka shi ne don mutum biyu da ba su da kowa a bayansu, kuma kusan rabin abin da ke ciki bai shafe mu ba. Hotunan da aka ce makonni shida sai da Disamba ta kama suka iso, bayan na yi ta tuni. Sun yi kyau ƙwarai, na buga wasu na aika Zariya. Hajiya ta kira ta sa albarka, ta yaba rigar ango, sannan ta ce, "To wai duk garin ba mutane ne, sai itatuwa?" Sai da na tura mata bidiyon walimar Aurora, ta ga ana tattara kuɗin liƙi a leda, tukuna ta bar maganar.