Tabarau na kasuwa ko na asibiti: wanne za ka saya wa Baba?

Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, ko Alhamis a Maigatari, ba a rasa mai sayar da tabarau, dattawa sun kewaye shi suna sawa suna cirewa. Ni ban ga laifin wannan tabarau ba, in dai an san abin da yake magani. Mutum in ya haura shekara 40, ganin kusa yakan fara wuya: baƙin Alƙur'ani ya cakuɗe, zare ya ƙi shiga allura, amma saniya a can ƙarshen gona yana hango ta tas. Nan ne na kasuwa yake da rana. Lambarsa tana jikinsa, galibi daga +1.00 zuwa +3.50. Ka je da Baba da littafin da ya saba karantawa, ya riƙe shi yadda ya saba, ku fara daga ƙaramar lamba, ku tsaya a kan wadda ta fara fito masa da rubutu. In lamba ta yi yawa, sai ya kai littafi bakin hanci, ga ciwon kai.

Sai dai gilasan nan biyu lambarsu ɗaya, idanu kuwa ba dole su zo ɗaya ba. In nesa ma hazo-hazo yake gani, ko ido ɗaya ya fi ɗaya, gara kuɗin ya tafi a mota zuwa asibitin ido na ECWA ko na Makka a Kano, ko sashen ido na babban asibitin da ya fi kusa. A can ne za a duba hawan jinin ido, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Yawanci ba ya zafi, daga gefe yake fara cin gani, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Yanar ido ita ma babu tabarau ko ɗigon da ke narkar da ita, aiki ake yi a cire ta a sa ɗan gilashin roba a cikin idon. Ɗigon kemis mai dexamethasone kuwa, don Allah kada a saya sai likita ya rubuta, domin yana iya jawo hawan jinin idon.

Wanda likita ya ce ganinsa ba zai ƙaru da tabarau ba, a nemo masa madubin hannu mai ƙara girman rubutu, da Alƙur'ani mai manyan baƙi, da fitilar sola. A ajiye fitilar ta gefen kafaɗarsa, haskenta ya sauka a kan takarda.