Kwamfutar hannu ko tabaran VR, don zuwa gidan tarihi da yara?

Yaya, cikin biyun nan da kika ambata, kwamfutar hannu (tablet) da tabaran VR, wanda ake rufe ido da shi a ga hoto kamar ana cikin wurin, kwamfutar hannu za ki saya. Duka na taɓa kashe musu kuɗi.

Hutun bara muka kai yara gidan tarihi na Gidan Makama, nan daura da fadar Sarkin Kano, gidan da Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Har da Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda ajami take karantawa, boko ko harafi. Da muka zo wajen hotunan zuwan Turawa na 1903, 'yata mai shekara goma ta haska bayanin Turancin da Google Lens, manhajar da ke karanta rubutu ta kyamara, ya juye Hausa, ta karanta da ƙarfi. Hausar na'ura ce, tana tuntuɓe. Hajiya ta dinga gyara mata, daga nan ta ɗora da abin da ta ji a bakin kakanta game da ganuwa da ƙofofinta. Kai biyar a kan allo ɗaya! Autana kuwa hoton tsohon ƙyauren ƙofar gari ya ɗauka, yana buɗa shi da yatsu biyu yana ƙirga ƙusoshi. Har yau in ya ga hoton sai ya ja kakarsa da tambaya.

Tabaran da ake zura waya a ciki, to, ba laifi a falo na minti goma. Mutum ɗaya yake ɗauka, ido a rufe alhali ga abin gaske a gabansa, sauran suna rigimar layi. Jiri ya sa wa babbar, yanzu yana ƙasan akwati.

Amma ki yi hattara a kasuwar waya. Akwai masu naɗe tsohuwa a leda su ce sabuwa ce dal, wasu kuma girman ma'ajiyar da ke jikin kwali daban, na ciki daban. Ki kunna a gaban mai shago, ki duba saiti, ki haska rubutu ƙanana ki ga ko kyamarar na kamawa, ki karɓi rasit. Masu launi-launi da ake cewa na yara, kyamararsu hazo ce, ki bar su.

Ki sauke Hausa a Google Translate tun daga gida saboda ranar da sabis zai ƙi. In kun isa ki nemi izinin ɗaukar hoto, kuma ki ɗauki ɗan jagora, yara su yi masa tambayar da allo ya kasa amsawa.