Tsohuwar zuma a gaban alƙali: sharhi kan Love Among the Ruins

Fim ɗin talabijin ne na 1975, tashar ABC ta Amurka ce ta fara haska shi, George Cukor ya ba da umarni. A waya na kalle shi da daddare. Hoton ya ɗan dusashe, amma ban yi da-na-sanin datar da na ƙona ba.

Labarin a Landan yake, shekarar 1911. Katharine Hepburn ta fito a matsayin Jessica Medlicott, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo da mijinta ya rasu ya bar mata dukiya. Wani matashi sa'an ɗanta, Alfred Pratt, ya maka ta a kotu, wai ta yi masa alkawarin aure ta saɓa, sai ta biya diyya. A zamanin dokar Ingila tana karɓar irin wannan ƙara, sai a 1970 majalisa ta soke ta.

Lauyanta shi ne Sir Arthur Glanville-Jones, wato Laurence Olivier, kuma a wurinsa daɗin fim ɗin yake. Tun yana ɗalibi suka yi 'yar gajeruwar soyayya a Toronto. Shi ya riƙe ta a zuci har furfura ta cika masa kai bai yi aure ba, ita kuwa ta shigo ofishinsa tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Babban lauya da ake shakka a kotu, ga shi yana in-ina yana neman ta tuna shi! Na yi dariya, tausayinsa kuma ya kama ni.

Dabararsa ta cin shari'ar ta fi komai ciwo: dole ya nuna wa masu taya alƙali yanke hukunci cewa matar da yake mutuwar so tsohuwa ce abar tausayi, wadda yaro ya bi don kuɗinta. Ita kuma mai ji da kanta ce, ba ta yarda a taɓa zancen shekarunta. Yana zuba hujja, fuskarsa na nuna shi ma abin yana sukarsa.

Aibinsa dai surutu ya yi yawa a farko, Turancin ma na manya ne, sai da na kunna rubutun ƙasan allo. Shi kuwa Pratt ba a ba shi wani zurfi ba.

Hepburn da Olivier duk sun samu kyautar Emmy da wannan fim, kuma shi kaɗai suka taɓa fitowa tare. Mai son faɗa da gudun mota kada ya ɓata lokacinsa. Mai haƙurin sauraron zance kuwa, ya jira zaman kotu na ƙarshe.