Agogon kunna fitilar tankin kifin ruwan gishiri: wanda ya dace da Maradi

Agogon kunna wuta ɗan ƙaramin abu ne da ake sokawa a bango, sannan a soka filogin fitila a jikinsa, shi ya riƙa kunnawa da kashewa a lokacin da aka tsara masa. A kwalin wanda ya zo da rubutun Faransanci za a ga an sa "programmateur". Mai tankin gilashi na ruwan gishiri, musamman mai murjani a ciki, wato halittar teku mai rai mai kama da dutse, ba shi da zaɓi sai ya mallake shi. Murjani na rayuwa ne da wasu ƙwayoyin tsiro da ke cikin namansa, su ke haɗa masa abinci da haske. In yau an ba shi haske awa 6, gobe awa 14, launinsa zai dushe, gansakuka kuma ta cika gilashi.

Iri biyu aka fi samu. Na farko mai faifai ne, zagaye da 'yan haƙora 96, kowane haƙori minti 15. Awa 9 ke nan haƙora 36 za a danne. Yana da arha, ko yaro ya iya saita shi, amma ga Maradi ba mu ba da shawarar a saye shi ba. Ɗan injin da ke juya faifan da wutar bango yake tafiya, ba shi da batir. In aka ɗauke wuta awa 3, faifan ya tsaya cik, in ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya makara da awa 3 ke nan. A mako guda na bazara sai a iske fitila na ci a lokacin da ba nata ba. Ko da janareto matsalar ba ta ƙare ba, domin injin faifan yana ƙirga lokaci ne da bugun wuta 50 a daƙiƙa, janareto kuwa bugunsa na hawa da sauka gwargwadon kayan da ya ɗauka, sai agogon ya yi gaba ko baya.

Na biyu, mai allo da maɓallai, shi ne ya kamata a saya. Yana da ƙaramin batir a ciki mai cika kansa, wanda ke riƙe lokaci da tsari ko wuta ta yi kwanaki ba ta nan. Ana saita shi daidai da minti. Sabo fil, a soka shi a bango ya kwana yana caji, sannan a danna ɗan ramin RESET da tsinken sakace, a sa rana da lokaci. Gwajinsa kafin a amince da shi ba wuya: a zare shi daga bango awa guda. In allon ya mutu ko lokaci ya koma sifili, batirin ya lalace tun a shago, a mayar.

Aibinsa yana wajen saiti, kuma a nan mutane ke kuskure. Maɓallin da ke zagayawa tsakanin ON, AUTO da OFF dole ya tsaya a AUTO, in ba haka ba tsarin ba ya aiki. A yawancinsu, in kana son fitilar ta ci gaba da ci har lokacin kashewa, daga ON za ka shiga AUTO. In ka shiga daga OFF, a kashe za ta zauna sai kunnawa ta gaba. Akwai kuma RANDOM, wanda aka yi don ruɗa ɓarayi, yana kunna wuta a lokutan da ya ga dama. Kada a taɓa shi. Haka ma alamar lokacin zafi ta Turai, mai ƙara awa guda: Nijar ba ta canza agogo, in ta bayyana a allo a cire ta. A tabbata kuma an zaɓi kwana bakwai duka, ba Litinin zuwa Juma'a kawai ba.

Tsarin hasken yana buƙatar agogo biyu, ɗaya na shuɗiyar fitila, ɗaya na fara. Shuɗiya ta ci awa 10 zuwa 11, fara awa 8 zuwa 9, shuɗiyar ta riga kunnuwa da awa guda, ta kuma bi bayan farar da awa guda, don kada haske ya faɗo wa kifi kwatsam ya firgita. Amma a Maradi lokacin kunnawar ya fi tsawonsa muhimmanci. Ruwan murjani yana son digiri 24 zuwa 27, in ya daɗe sama da 30 murjani ya fara fari. A Afrilu da Mayu zafin waje na wuce 40, don haka ƙara wa ruwa zafin fitila da azahar ganganci ne. Gara a matsar da ranar tankin: shuɗiya ƙarfe 4 na yamma, wajen la'asar, fara ƙarfe 5, farar ta mutu ƙarfe 1 na dare, shuɗiya ƙarfe 2. Murjani bai san agogon gari ba, abin da yake bukata shi ne duhu na gaske bayan haske, saboda haka da rana tankin ya kasance nesa da taga, a sauke labule. Da wannan tsari mai gida ma zai ga kifinsa a haske bayan isha'i.

Fankar da ke hura saman ruwa a haɗa ta da agogon farar fitila. Tana sanyaya ruwa, amma tana ƙafar da shi, gishiri kuma ba ya tashi da tururi. A riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri kullum, don gishirin ya tsaya a giram 35 cikin lita. Famfon da ke juya ruwa kuwa ba a sa shi a agogo ko kaɗan, dare da rana yake aiki.

A bayan agogon za a ga an rubuta 16A ko 3500W. Kada wannan ya ruɗi mutum ya jera masa fitilu huɗu. Akwatin wutar fitilar LED yana zuƙar wuta mai yawa a ƙiftawar farko ta kunnuwa, sau da yawa fiye da abin da yake ci daga baya, kuma wannan tartsatsin ne ke narkar da bakin makunnin ciki har ya manne. Alamarsa ita ce allo ya nuna OFF, a ji ƙarar "ƙas", amma fitila na nan tana ci. Fitila ɗaya ko biyu ga kowane agogo ya isa.

Wurin ajiye shi ma abin kula ne, domin ba a yi shi don ruwa ba. Feshin ruwan gishiri na bushewa ya bar farin ɓawo, ya haɗu da ƙurar hunturu, ya ci ƙarfen filogi har ya yi kore ya fara zafi. A kafa shi a bango sama da bakin tanki, gefe guda, a bar wayar fitila ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda ɗigon da ya biyo ta zai zuba a ƙasa. A sa mai gyaran wuta ya ɗaura wa layin makatsar kariya ta 30mA, mai yanke wuta in ta fara zurara ta ruwa ko ta jikin mutum.

Sabon murjani a fara masa da farin haske awa 5, a riƙa ƙara minti 30 kowane mako har a kai 8. In gansakuka ta yi yawa a rage awa guda, a jira mako biyu kafin a sake taɓa tsarin.